Kwarin Binuwai (ilimin ƙasa)

Kwarin Binuwai wani dogon rami ne a cikin ɓawon ƙasa wanda ya ratsa Najeriya daga yankin Neja Delta a kudu maso yamma zuwa kusa da Tafkin Chadi a arewa maso gabas. Tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,000, faɗinsa kuma yana kaiwa kilomita 150 a wasu wurare. Ya samu ne a zamanin Kiretashiyos, wato tsakanin shekaru miliyan 145 zuwa miliyan 66 da suka wuce, lokacin da nahiyar Afirka ke rabuwa da Kudancin Amurka. A yau ramin cike yake da duwatsun da suka samu daga yashi da laka da ragowar halittun teku, waɗanda kaurinsu ya kai mita 6,000 a wurare mafi zurfi.

Masana ilimin ƙasa suna ɗaukar kwarin a matsayin tsagewar da ta fara buɗewa domin zama teku amma ta tsaya a hanya. Jerin shimfiɗun da ke cikinsa shi ne babban abin da ake karanta tarihin buɗewar Tekun Atlantika da shi a wannan ɓangare na Afirka. Wannan jerin ne kuma yake nuna inda ake samun kwal, dutsen siminti, gishiri, dalma, ruwan ƙasa da alamun man fetur a jihohin da kwarin ya ratsa. Kogin Binuwai yana bin tsakiyar kwarin a mafi yawan tafiyarsa, amma kwarin ya girmi kogin, ya kuma fi gaɓarsa faɗi nesa ba kusa ba.

Wuri da rabe-rabe

An saba raba kwarin gida uku. Ɓangaren kudu ya ƙunshi yankunan Abakaliki, Afikpo da Enugu. Ɓangaren tsakiya ya ƙunshi Makurɗi, Gboko, Lafiya, Awe, Keana da Wukari. Ɓangaren arewa ya ƙunshi Gombe, Numan da Yola, a nan ne kuma kwarin ya yi reshe biyu. Reshen Gongola ya miƙe arewa ya nufi kwarin Chadi a jihohin Yobe da Borno, reshen Yola kuwa ya nufi gabas ya shiga Kamaru har Garwa.

Ta gefe biyu tsofaffin duwatsu masu tauri ne suka yi wa kwarin iyaka: tsaunukan Jos da Bauchi ta arewa maso yamma, tsaunukan Adamawa da Oban ta kudu maso gabas. Waɗannan duwatsu su ne gindin ƙasar Najeriya, kuma sun sami siffarsu ta ƙarshe kimanin shekaru miliyan 600 da suka wuce, lokacin da wasu tsofaffin nahiyoyi suka yi karo suka haɗe. Karon ya bar layukan karaya masu zurfi da suka miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas. Da ƙasa ta tashi tsagewa daga baya, waɗannan tsofaffin layuka ta bi.

Yadda kwarin tsagewa ke samuwa

Idan aka ja ɓawon nahiya ta ɓangarori biyu, yakan miƙe ya yi siriri, sannan ya karye a kan layuka. Gutsattsarin da ke tsakiya sukan nutse su bar rami mai tsaunuka a gefe. Da farko koguna ne ke zubo tsakuwa da yashi daga tsaunukan, tafkuna kuma su taru a wuraren da suka fi zurfi. Bayan jan ya lafa, dutsen da ya yi zafi a ƙarƙashi yakan huce ya ƙanƙance, sai dukan yankin ya ci gaba da nutsewa a hankali na tsawon miliyoyin shekaru. A wannan mataki ne teku kan samu hanyar shigowa, ta shimfiɗa laka da dutsen farar ƙasa a kan yashin koguna.

Sau da yawa tsagewar takan fara ne da rassa uku da suka haɗu a wuri ɗaya. Biyu daga ciki sukan ci gaba da buɗewa har su zama teku, na uku kuma ya mutu ya rage a cikin nahiya. Irin wannan reshe ana kiransa olakojin, daga kalmar Girkanci mai nufin kwarin da garma ke bari a gona. Gaɓar Afirka da Turai da nahiyoyin Amurka ta ɓangaren Atlantika cike take da irin waɗannan kwaruruka, kuma na Binuwai yana cikin waɗanda aka fi kafa misali da su.

Asali

Kafin zamanin Kiretashiyos, Afirka da Kudancin Amurka suna manne a cikin babbar nahiyar Gondwana. Kusurwar arewa maso gabashin Brazil tana zaune ne a cikin lungun da yanzu ake kira Mashigin Gini. Rabuwar ta fara daga kudu kimanin shekaru miliyan 130 da suka wuce, ta riƙa hawowa arewa. Mahaɗar rassa uku ta kasance a ƙarƙashin inda Neja Delta take a yau. Reshe ɗaya ya bi kudu ta gaɓar Kamaru da Gabon da Angola, ɗaya ya bi yamma ta gaɓar Benin da Ghana da Kwaddibuwa. Waɗannan biyu su suka zama Tekun Atlantika. Na ukun shi ne Kwarin Binuwai.

Akwai bayanai biyu game da yadda ramin ya buɗe. Na farko ya ce jan ƙasa ne kai tsaye ya tsaga ta, kuma masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da awon nauyin ƙasa wanda ya nuna akwai dutse mai nauyi kusa da sama a tsakiyar kwarin, alamar cewa ɓawon ya yi siriri a wurin. Na biyu, wanda masanin Faransa Jean Benkhelil ya ƙarfafa a shekarun 1980, ya ce gefunan kwarin sun goge juna ne ta tsawo, ɗaya na tafiya gaba ɗaya na komawa baya, sai ƙananan ramuka suka buɗe a jere a wuraren da layin karayar ya lanƙwashe. Manyan layukan karaya na ƙarƙashin teku da ake kira Chain da Charcot sun nufi bakin kwarin, abin da ke goyon bayan wannan bayani. Yawancin masana a yau suna ganin abubuwan biyu sun yi aiki tare.

Tarihin shimfiɗu

Zamanin koguna da tafkuna

Shimfiɗa mafi tsufa a arewacin kwarin ita ce Shimfiɗar Bima, wadda aka raɗa wa sunan Dutsen Bima a Jihar Gombe. Tana zaune kai tsaye a kan duwatsun gindi, kuma kaurinta ya kai dubban mitoci a wasu wurare. Ƙasanta tsakuwa ce da manyan gutsattsarin duwatsu da ruwa ya gangaro da su daga bakin tsagewar, haɗe da baƙar laka ta tafkuna. Samanta kuwa dutsen yashi ne mai manyan ƙwayoyi wanda faffaɗan koguna suka baza. Wannan sauyi daga tsakuwa zuwa yashi yana nuna yadda tsaunukan gefe suka zaizaye, ramin kuma ya faɗaɗa.

Shigowar teku

A zamanin Albiyan, tsakanin shekaru miliyan 113 zuwa miliyan 100 da suka wuce, ruwan sabon Tekun Atlantika ya shigo kwarin ta kudu. Ya bar laka mai duhu da dutsen farar ƙasa da ake kira Rukunin Kogin Asu, wanda ake gani a Abakaliki, har zuwa Gboko da Arufu a tsakiya. A wannan lokaci teku ba ta kai Gombe da Yola ba, inda koguna suka ci gaba da jibge yashin Bima. Bayan haka ruwa ya ɗan ja da baya, ya bar yashin bakin teku da na koguna na shimfiɗun Awe da Keana.

Haɗuwar tekuna biyu

Ambaliya mafi girma ta zo ne a ƙarshen zamanin Senomaniyan da farkon Turoniyan, kimanin shekaru miliyan 94 da suka wuce, lokacin da ruwan teku ya kai wani matsayi mai tsawo a duk duniya. Ruwan Atlantika ya haura kwarin ta reshen Gongola, ya gamu da ruwan tsohon Tekun Tetis da ya gangaro daga arewa ta ƙasashen da yanzu suke Aljeriya da Libiya da Nijar. Na wani lokaci, wata teku marar zurfi ta raba yammacin Afirka da sauran nahiyar, ta ratsa inda hamadar Sahara take a yau.

Shimfiɗar Yolde ita ce ke nuna farkon isowar ruwan a arewa. A kanta akwai Shimfiɗar Pindiga a reshen Gongola, da shimfiɗun Dukul, Jessu, Sekule da Numanha a reshen Yola. A kudu da tsakiya takwarorinsu su ne Eze-Aku da Awgu. Babbar shaidar haɗuwar tekunan ita ce burbushin amonayit, wata dabbar teku mai naɗaɗɗen ƙoƙo kamar na dodon koɗi, wadda ta ƙare a duniya shekaru miliyan 66 da suka wuce. Ana tono su da yawa a ramin haƙar dutsen siminti na Ashaka, kuma ire-irensu sun yi daidai da waɗanda ake samu a Nijar da arewacin Afirka.

Matsewar zamanin Santoniyan

Kimanin shekaru miliyan 84 da suka wuce, alkiblar tafiyar Afirka dangane da Turai ta sauya. Ƙarfin da a da yake buɗe kwarin ya koma matse shi. Shimfiɗun da ke kwance suka naɗe kamar tabarmar da aka turo ta gefe biyu, tsakiyar ramin kuma ta ɗago sama. A kudu wannan ya haifar da doron Abakaliki, a arewa kuma ana ganin irinsa a doron Lamurde. A yankin Kaltungo ma duwatsun gindi sun leƙo a tsakiyar kwarin.

Da tsakiya ta zama tudu, sai wurin taruwar yashi da laka ya koma gefe. Ta yamma da Abakaliki kwarin Anambra ya buɗe, ta kudu maso gabas kuma kwarin Afikpo. Wannan matsewa ce ta raba tarihin kwarin gida biyu: duk shimfiɗar da ta riga ta a naɗe take, wadda ta biyo baya kuwa yawanci kwance take ko ta ɗan karkata.

Fadamu da kwal

A zamanin Kamfaniyan teku ta sake shigowa ta bar lakar Nkporo da ta Enugu. Sa'an nan ta ja da baya a zamanin Mastirihtiyan, tsakanin shekaru miliyan 72 zuwa miliyan 66 da suka wuce, ta bar faffaɗan fadamu masu kurmi a bakin koguna. Ragowar itatuwan fadamun ne suka zama kwal ɗin Shimfiɗar Mamu. A kanta akwai farin yashin Ajali da Shimfiɗar Nsukka. A daidai wannan zamani ne aka jibge Shimfiɗar Lafiya a tsakiya da dutsen yashin Gombe a arewa. Reshen Gongola ya sake fuskantar naɗewa a ƙarshen Kiretashiyos, daga baya kuma jan yashin Kerri-Kerri ya rufe yammacinsa. A kan wannan yashi dajin Yankari yake.

Daga nan aikin kwarin ya sauya, ya zama hanyar da koguna ke bi su kai yashi da laka bakin teku. Abin da Neja da Binuwai suka kwaso a cikin miliyoyin shekarun da suka biyo baya shi ya gina Neja Delta a kan tsohuwar mahaɗar rassa ukun, inda kaurin shimfiɗu ya haura kilomita 10.

Aman wuta

Narkakken dutse ya riƙa hudowa ta layukan karayar kwarin a lokuta daban-daban. Akwai wanda ya fito tun farkon tsagewar, kamar duwatsun Burashika a arewa, akwai kuma wanda ya kutsa cikin lakar Abakaliki ya daskare a can. Na baya-bayan nan ya zo ne bayan kwarin ya daina buɗewa, ya bar baƙin dutsen tsaunukan Biu da Longuda. Dutsen Wase a Jihar Filato da Dutsen Tangale kusa da Kaltungo maƙogwaron tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne, waɗanda ruwa da iska suka cinye jikinsu suka bar tsakiya mai tauri a tsaye. Maɓuɓɓugan ruwan ɗumi kamar Wikki a Yankari da Ruwan Zafi a Lamurde suna fitowa ne daga ruwan da ya nutse cikin ƙasa ya ɗumama kafin ya dawo sama.

Dangantaka da sauran kwaruruka

Kwarin Binuwai reshe ne na wani babban tsarin tsagewa da ya ratsa yammaci da tsakiyar Afirka. Ta arewa tsarin ya wuce ƙarƙashin kwarin Chadi ya haɗu da kwarin Termit a gabashin Nijar. Ta gabas akwai kwarurukan Bongor, Doba da Doseo a kudancin Chadi, sai Muglad da Melut a Sudan da Sudan ta Kudu. Dukansu sun fara buɗewa a farkon Kiretashiyos.

A ɗaya gefen Atlantika, Brazil tana da nata reshen da ya mutu, wato jerin kwarurukan Recôncavo, Tucano da Jatobá da suka miƙe arewa daga birnin Salvador. A nan aka fara samun man fetur a Brazil, a Lobato a 1939, kuma daga baƙar lakar tafkunan farkon tsagewa man ya fito. Kwarurukan gaɓa da ke kudu da nan, kamar Santos da Campos a Brazil da Kwanza a Angola, suna da wata shimfiɗa mai kauri ta gishiri wadda ta samu lokacin da ruwan teku ya riƙa shiga ƙunƙuntaccen ramin yana ƙafewa. Gishirin ya zama murfin da ya tsare mai a ƙarƙashinsa. Kwarin Binuwai ba shi da irin wannan murfi.

Albarkatun ƙasa

Kowace albarka a kwarin tana da matakin tarihin da ya haifar da ita. Dutsen farar ƙasa na zamanin tekuna shi ake ƙonawa a yi siminti a Ashaka da Gboko, shi ne kuma ya sa aka kafa masana'antar Nkalagu a shekarun 1950. Kwal na fadamun ƙarshen Kiretashiyos an gano shi a Udi kusa da Enugu a 1909, kuma dominsa aka shimfiɗa layin dogo zuwa Fatakwal wanda ya fara aiki a 1916. Ana samun kwal a Maiganga ta Jihar Gombe a cikin Shimfiɗar Gombe, da kuma a Obi kusa da Lafiya a cikin Shimfiɗar Awgu, wadda ta girme su.

Ruwan zafi mai gishiri da ya bi tsagogin duwatsu ya bar jijiyoyin dalma da tutiya a Enyigba da Ishiagu a Jihar Ebonyi, da Arufu a Taraba, da Zurak a Filato. Dutsen dalma mai ƙyalli shi ake niƙawa a yi tozali. A Azara ta Jihar Nasarawa ana haƙar barayit, wani farin dutse mai nauyi da ake zubawa a cikin lakar haƙar rijiyar mai. Maɓuɓɓugan ruwan gishiri na Awe da Keana, da na Uburu da Okposi a kudu, sun daɗe suna ciyar da sana'ar dafa gishiri, wadda mata ne suka fi riƙe ta.

Duwatsun yashi su ne rumbun ruwan ƙasa. Rijiyoyin burtsatse na Yola da Jimeta suna ɗiban ruwa daga yashin Bima, na kewayen Enugu kuma daga yashin Ajali. A wasu sassan Kerri-Kerri ruwa yana da nisa sosai saboda yashin yana barinsa ya zurara can ƙasa, shi ya sa haƙa rijiya ke da wuya a wurin. Inda yashin bai daskare sosai ba kuma yakan zaizaye da sauri, kamar yadda kwazazzabai ke nunawa a garin Gombe da gangaren Enugu.

Neman man fetur

An samu mai mai yawa a sauran kwarurukan tsarin. Sudan ta fara fitar da man Muglad a 1999, Chadi ta fara fitar da na Doba ta bututun Kribi a Kamaru a 2003, Nijar kuma ta fara tace man Agadem na kwarin Termit a matatar da ke kusa da Damagaram a 2011. Wannan ne babban dalilin da ya sa ake sa ran samun mai a Kwarin Binuwai.

A shekarun 1999 da 2000 kamfanonin Shell, Elf da Chevron kowanne ya haƙa rijiya ɗaya a reshen Gongola. Rijiyar Shell ta Kolmani ta nuna iskar gas, sauran biyun ba su ba da komai ba. Kamfanin NNPC ya koma yankin, ya sanar da samun mai da gas a rijiyar Kolmani ta biyu a 2019, a kan iyakar Bauchi da Gombe, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a watan Nuwamba 2022. A 2023 an fara haƙa rijiyar Ebenyi a ƙaramar hukumar Obi ta Jihar Nasarawa.

Tarihin kwarin yana bayyana dalilin da ya sa aikin ya fi wuya a nan. Matsewar Santoniyan ta taɓa Binuwai fiye da yawancin takwarorinsa. Ta ɗaga shimfiɗu ta karya su, zaizayar da ta biyo baya kuma ta cire murfin wasu wuraren da mai zai iya taruwa. A kudu, zafin narkakken dutse da zurfin binnewa sun dafa lakar Asu har ta wuce matakin ba da mai. Da yawa daga cikin lakar da aka gwada tana ɗauke ne da ragowar tsirran tudu, wadda ta fi ba da gas. Saboda haka masu bincike suka fi mayar da hankali kan baƙar lakar tafkuna ta ƙasan Bima, irin wadda ta ba da man Muglad da Doba, da kuma lakar teku ta Pindiga a wuraren da ta nutse daidai gwargwado.

Tarihin bincike

J. D. Falconer ya wallafa bayanin farko mai faɗi kan duwatsun arewacin Najeriya a 1911, aka kuma kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya a 1919. A 1963 Carter da Barber da Tait suka fitar da rahoto kan sassan lardunan Adamawa, Bauchi da Borno, wanda yawancin sunayen shimfiɗun arewacin kwarin suka kafu a kansa. Richard Reyment ya yi amfani da burbushin amonayit wajen tantance shekarun shimfiɗun, ya tattara aikin a littafinsa na 1965. A farkon shekarun 1970 Kevin Burke da abokan aikinsa, waɗanda suka koyar a Jami'ar Ibadan, suka bayyana kwarin a matsayin reshe na uku na mahaɗar Neja Delta, bayanin da ya shigar da shi cikin littattafan ilimin ƙasa na duniya. A yau sassan ilimin ƙasa na jami'o'in Zariya, Jos, Bauchi, Maiduguri da Nsukka suna kai ɗalibansu aikin fili a Dutsen Bima, Ashaka da Lokpanta, inda ake iya ganin shimfiɗun a fili ɗaya bisa ɗaya.